Daga Tøyen zuwa Grini, a kan sawun Gerhardsen

Sanyin Oslo na watan Oktoba ba ya sallama. Na sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Tøyen ina rawar ɗari, na ratsa ta gaban shagunan Somaliyawa da 'yan Pakistan, na nufi titin Sofienberggata. Gidan da nake nema bene ne na gama-gari, kekuna jingine a ƙofa, babu soja, babu shinge. A nan Einar Gerhardsen ya zauna da iyalinsa yana firaministan Norway, maƙwabtansa talakawa.

Leburan titi ne tun yana saurayi, daga nan ya shiga ƙungiyar ƙwadago, ya hau har shugabancin jam'iyyar ma'aikata. Shekara 17 ya yi yana mulki tsakanin 1945 da 1965, sai dai ba a jere ba. Shi ya karɓi ƙasar bayan mamayar Jamus, aka sake gina arewacinta da aka ƙone ƙurmus, aka shimfiɗa tsarin fansho da tallafin yara. Har yau uban ƙasa suke ce masa.

Da hantsi na koma jirgi, layi na 2, na yi yamma zuwa Bærum, sauran tafiyar a ƙafa cikin yayyafi. A sansanin fursunoni na Grini 'yan Nazi suka tsare Gerhardsen bayan sun kama shi a 1941, suka tura shi sansanin Sachsenhausen da ke Jamus, suka dawo da shi a 1944. Babban ginin har gobe kurkuku ne, Ila ake kiransa. A gefe akwai ɗan gidan tarihi. Na daɗe tsaye gaban gadajen katako masu hawa-hawa, ƙuntatattu ƙwarai, ina tunanin yadda dogon mutum irinsa yake miƙe ƙafa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanda ya ɗanɗana ɗauri saboda ra'ayinsa, shi ne a 1948 ya tsaya a tsibirin Kråkerøy ya ayyana 'yan gurguzun ƙasarsa a matsayin barazana, alhali da ƙuruciya shi ma mai irin wannan ra'ayin ne. Leƙen asirin da aka yi musu daga baya ya wuce gona da iri, kamar yadda kwamitin Lund, wanda majalisa ta kafa don bincike, ya bankaɗo a 1996. Ni dai ban ga sauƙin kansa ya wanke shi daga wannan ba.

Gwamnatinsa ta faɗi a 1963 kan haɗarin mahaƙar kwal ta Kings Bay a Svalbard, inda mutum 21 suka mutu. Ya tattara takardunsa ya ba John Lyng na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau wuri. Bayan mako huɗu majalisa ta kayar da Lyng, Gerhardsen ya koma ofis.