Fom ɗin da na sa wa hannu

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da darasin Gwamnati a wata sakandare a cikin garin Gombe, kuma a shida daga ciki ni ke riƙe da rajistar jarrabawar 'yan ajin ƙarshe. Ɗalibi zai kawo hoto, ya rubuta darussa takwas ko tara da zai zauna wa a WAEC da NECO, in duba, in sa hannu. Na daɗe ina ganin iyakar abin da ke wuyana ke nan: kada harafi ya faɗi a suna, kada ranar haihuwa ta saɓa.

A haka nake har shekarar da wata ɗalibata 'yar Jekadafari ta zo ajin ƙarshe. Tun tana SS1 kowa ya san aikin lauya take so, 'yan ajinsu ma Barista suke ce mata. A lokacin ba mu da malamin Adabin Turanci. Wanda muke da shi an yi masa canjin wurin aiki, ba a kawo wani ba. Sai yaran da ba na kimiyya ba suka riƙa cike gurbin da duk darasin da ya samu. Ta kawo mini fom ɗinta, na ƙirga darussa tara cif, akwai Turanci, akwai Lissafi, akwai Gwamnati da Hausa da Addinin Musulunci. Na sa hannu.

Sakamako ya fito, kiredit takwas. A JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, ta haura maki 250 cikin 400. Muna ta murna a ɗakin malamai. Sai da aka zo tantancewa aka shaida mata cewa jami'ar da ta nema ba ta ɗaukar ɗalibin shari'a in ba shi da kiredit a Adabin Turanci, kuma ko a JAMB ɗin ana son darasin ya kasance cikin huɗun da ya rubuta. Ita kuwa ba ta da shi ko nan ko can.

Mahaifinta ya same ni a gida bayan magariba. Dattijo ne mai sayar da hatsi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba. Abin da kuka ce a biya na biya, abin da kuka ce a saya na saya. A ina aka kuskure?"

Na ce, "Baba, a wurina ne."

Gaskiyar ke nan. Sharaɗin yana rubuce cikin kundin da hukumar JAMB take fitarwa, wanda ya jera kowane kwas da darussan da yake buƙata, har da ƙarin sharuɗɗan da kowace jami'a ta ware wa kanta. Kundin yana intanet kyauta. Ban taɓa zama na karanta shi ba, don ina ganin aikina ya tsaya a bakin ƙofar makaranta, abin da ya biyo baya tsakanin yaro ne da jami'a.

Da na zauna na karanta shi daga baya, abin da ya fara bayyana gare ni shi ne a baibai muke yin lissafin. Yaro yana tara darussa gwargwadon malaman da suke nan, ko wanda abokinsa ya ɗauka, ko wanda aka ce ba ya kayar da mutane, sai ya gama sannan ya tambaya wane kwas za su ba shi. Daga can gaba ya kamata a faro: me kake son karanta, a wace jami'a, me suke nema a WAEC, me suke nema a JAMB, sannan a dawo kan fom. Abu uku ne dole su hau layi ɗaya, kwas ɗin da darussan sakandare da huɗun JAMB. Ɗaya ya kauce, yawan maki ba ya ceton mutum.

Huɗun nan na JAMB su ne inda na fi ganin yara suna tuntuɓe. Turanci dole ne a kan kowa, saura uku ke nan. Mai son likitanci zai rubuta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya zai rubuta Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Darasi ɗaya ne kawai ya raba su, amma shi ne komai. Kusan duk shekara sai na sami yaron da zai ce mini, "Malam, zan nemi likitanci a ABU Zariya, in ban samu ba sai in koma injiniya a ATBU Bauchi." Sai in ce masa taura biyu ba ta taunuwa. In ka rubuta Bayoloji, ƙofofin da ke kusa da kai su ne harhaɗa magunguna, aikin jinya, likitan dabbobi da makamantansu. Injiniya ta rufe a wannan shekarar. Ba laifi ba ne ka zaɓi haka, amma ka zaɓa ido buɗe, kada ka bari mai danna kwamfuta a cibiyar rajista ya kwafo maka abin da na gabanka a layi ya cika.

Haka nan Ilimin Noma ba ya tsaya wa Bayoloji a likitanci. Kiredit biyar ake so, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 ba ya shiga lissafi. Wasu jami'o'in ma a irin wannan kwas ba sa yarda a haɗa sakamako biyu, sai wanda aka samu a zama ɗaya.

Akwai wata magana da iyaye suke yawan kawo mini, wai ai mu 'yan Gombe muna da kaso. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ƙidaya a baya wajen ilimin boko, kuma Gombe da Bauchi suna cikinsu. Sai dai kason yana taimakon wanda takardunsa suka cika ne. Tun da JAMB ta fito da CAPS, tsarinta na ba da gurbin karatu ta intanet, a 2017, ta cikinsa kowane gurbi yake bi, kuma wanda darussansa ba su dace da kwas ba, ba shi cikin waɗanda ake rabawa tsakaninsu.

Abin da ya fi damuna har yau ba na takarda ba ne. A garin nan, in yaro yana da ƙoƙari, an riga an yanke masa: likita. Uba na so, uwa na so, mu ma malamai muna so don a ce daga makarantarmu ya fito. Na ga yarinyar da take rubuta muƙala kamar ba 'yar sakandare ba, aka tura ta ajin kimiyya, ta shekara uku tana kokawa da Kemistiri, ta fita da D7 sau biyu. Ba ta zama likita ba, kuma ba ta da darussan da za ta nemi aikin jarida ko shari'a da su. Ina ganin wannan zalunci ne, ko da ƙauna ce ta jawo shi. Kuma yana nuna cewa zaɓin da muke kira na ajin ƙarshe tun a SS1 ake yin sa, ranar da aka raba yara ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci. Tun ran gini tun ran zane. A SS3 gyara kaɗan ya rage, kamar ƙara darasi ɗaya ga yaron da zai iya biyan bashin karatun shekara biyu cikin 'yan watanni.

Barista ta yi asarar shekara guda. Na samo mata wata malama a Tudun Wada da ta riƙa koya mata Adabin Turanci da yamma, ta zauna jarrabawar NECO ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara, ta ci, ta sake JAMB da darussan da suka dace, ta samu gurbi. Mahaifinta ya yi haƙurin da ba kowane uba ne zai yi ba. Na san gidajen da in yarinya ta zauna shekara ɗaya babu karatu, maganar jami'a ta wuce ke nan.

Yanzu ba na karɓar fom a tsaye. Kowane ɗalibi sai ya zauna, ya faɗa mini kwas biyu da jami'a biyu, mu buɗe kundin JAMB na shekarar a wayata mu karanta tare, don sharuɗɗa suna sauyawa. Na kuma roƙi shugaban makaranta ya bar ni in riƙa ganawa da iyayen masu shiga SS1 a makon farko, da Hausa, kafin a raba aji. Ya amince. Da aka turo mana 'yan bautar ƙasa bara, na je na tsaya har aka ba mu wadda ta karanta Turanci. Bana yara goma sha huɗu ne suka yi rajistar Adabin Turanci.