Kafin ka ɗora wa dogon lens laifi

Lens mai zum da ya kai milimita 500 ko 600 shi ne abin da akasarin masu ɗaukar hoton namun daji da tsuntsaye suke fara saye, kuma shi ne wanda ya fi shan zargi ba gaira ba dalili. Mutum ya dawo daga daji, ya buɗe hotunansa a kwamfuta, ya ga gashin barewa ya haɗe kamar an shafa masa mai, nan take sai ya yanke hukunci cewa lens ɗin ba shi da kaifi. Sau da yawa gilashin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya ɓata hoton yana tsakanin kyamara da dabbar, ko yana hannun mai riƙe da ita. Wanda bai iya raba waɗannan dalilai ba zai yi ta canza lens yana dawowa da hoto iri ɗaya.

Nisa ne abu na farko, domin lissafinsa ba ya ƙarya. A kyamara mai cikakkiyar sensa (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara), wadda faɗinta milimita 36 ne, lens na 600 yana ɗaukar fili mai faɗin kusan santimita 60 idan abin yana nisan mita 10. A mita 30 filin ya zama mita 1.8. Ƙaramin tsuntsu mai tsawon santimita 15 a wannan nisa kashi ɗaya cikin goma sha biyu na faɗin hoton kawai ya ci. Idan kyamarar mai megafiksel 24 ce, wato fiksel 6000 a faɗi, tsuntsun ya samu fiksel 500 ke nan. Babu lens a duniya da zai fitar da silin gashin fuka-fuki daga fiksel 500. Taku goma zuwa gaba cikin natsuwa, ko haƙurin zama har dabbar ta matso da kanta, ya fi ƙarin milimita 100 amfani nesa ba kusa ba. Kyamara mai ƙaramar sensa tana taimakawa a nan, tunda tana ninka tsawon da 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, ko 1.6 a Canon, sai 600 ya yi kama da 900 ko 960. Amma tana ninka girgizar hannu ma daidai da haka.

Sai iska, wadda ita ce aka fi mantawa da ita. Da rana ta ɗaga ƙasa ta ɗauki zafi, iskar da ke samanta takan rabu ɗumi da sanyi, haske ya riƙa lanƙwasa yana ratsa ta, abin nan da ke haifar da kawalwalniya a kan kwalta. Ido ba ya ganin wannan rawar a mita 40, dogon lens kuwa yana ƙara mata girma. Alamarta a hoto ba ta ɓuya: babu wuri ko ɗaya da ya fito tangaran, gaba da baya duk dishi-dishi, layukan da ya kamata su miƙe, kamar karan ciyawa ko gefen ƙaho, sun yi ɗan karkace-karkace, kuma a cikin hotuna goma da aka ɗauka a jere wani ya fi wani lalacewa ba tare da an taɓa komai ba. Ƙara saurin shota, wato rage lokacin da kyamara take buɗewa ga haske, ba ya maganinta, rage faɗin ƙofar haske ta cikin lens ma haka. Maganin shi ne sassafe ko yamma lis, rage nisa, da ɗaga kyamara daga ƙasa idan ƙasar ta yi zafi, ko da yake hoton da aka ɗauka daidai tsayin idon dabba ya fi kyau. Ba zafin rana kaɗai ke jawo ta ba. Iskar da ke tasowa daga murfin injin mota, ko wadda ke fita ta tagar mota mai ɗumi a safiyar sanyi, tana yin ɓarna iri ɗaya. Haka lens ɗin da aka fito da shi daga ɗaki mai ɗumi zuwa sanyi: a ba shi kamar minti ashirin ya daidaita da waje.

Tsohuwar ƙa'idar riƙo da hannu ta ce kada saurin shota ya gaza ɗaya bisa tsawon lens, wato 1/600 na daƙiƙa ga milimita 600, kusan 1/1000 a ƙaramar sensa. Na'urar hana girgiza da ke cikin lens tana ba da damar sauka ƙasa da haka sosai, har 1/125 ga mai hannu a tsaye, amma girgizarka kawai take gyarawa, ba ta tsayar da dabba. Dabbar da ke kwance tana numfashi tana juya kunne tana son 1/500. Mai tafiya, 1/1000. Babban tsuntsu a sama, irin shaho ko mikiya, 1/2000, ƙananan masu saurin fiffike kuwa 1/3200 zuwa sama. Nan ne raunin waɗannan lens yake fitowa. Ƙofar haskensu a ƙarshen zum f/6.3 ce, wasu ma f/7.1 (girman lambar, ƙanƙantar ƙofar), kuma f/6.3 tana shigar da hasken da ya gaza na f/4 kusan sau biyu da rabi. Dole ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take ƙara wa hoto haske, ya hau. Ni dai a ganina gara ISO 3200 ko 6400 da hoto mai ɗan yashi-yashi, wanda manhajojin gyaran hoto na yanzu suke sharewa da kyau, a kan ISO 400 da idon da ya ja layi. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne ka sa kyamara a M, wato tsarin sarrafawa da hannu, ka zaɓi shota da ƙofar haske da kanka, ka bar ISO yana hawa yana sauka da kansa.

Maɓallin hana girgiza yana da matakai, kuma ba ado ba ne. Na 1 na abin da ke tsaye ne. Na 2 na bin abin da ke wucewa daga gefe zuwa gefe ne, yana barin motsin gefe ya gyara na sama da ƙasa kawai. Wanda ya bi tsuntsu mai tashi a mataki na 1 zai ga hoton yana fizga a idon kyamara, wurin da ake leƙawa, domin na'urar tana kokawa da hannunsa.

Zurfin abin da ke fitowa sarai ma siriri ne ƙwarai. A 600, f/6.3, nisan mita 10, kusan santimita 10 ne kacal. A mita 5 bai kai santimita 3 ba. Idan saiti, wato wurin da kyamara ta zaɓa ya fito sarai, ya kama kafaɗa ko ƙarshen baki, ido ya fita ke nan. Saboda haka kafin ka ce hoto ba kaifi, duba ko'ina a cikinsa: in ka ga ciyawar da ke gaban ƙafar dabbar ta fito tar, lens ya yi aikinsa, saiti ne ya sauka inda ba a so. A kyamarori masu madubi wannan kuskuren yana iya zama na dindindin, kullum gaba kaɗan ko baya kaɗan, sai an gyara a menu, ko da USB Dock na Sigma ko TAP-in Console na Tamron, na'urorin haɗa lens da kwamfuta waɗanda ke ba da damar gyara kowane tsawo da kowane nisa daban. Kyamara marar madubi tana auna saiti a kan sensar kanta, don haka ba ta cika samun wannan matsala ba. Akwai kuma maɓallin taƙaita nisa a jikin lens. In dabbobin duk sun wuce mita 10, sa shi a kan nesa kawai. Idan saiti ya kuɓuce, ba zai dawo har kusa yana lalube ba, kuma wannan daƙiƙa ɗaya ita ce tsakanin samun tsuntsu da samun reshe.

To yaya ake gwada gilashin shi kaɗai? A cire duk waɗannan dalilai tukuna. Manna shafin jarida mai ƙananan rubutu a bango, ya kwanta sumul, ka rataya gashin tsuntsu ko wani abu mai sili-sili a tsakiya. Kafa kyamara a kan maƙalli mai ƙafa uku a nisan mita 15, daidai tsayin takardar, tana fuskantarta kai tsaye ba a karkace ba. Da safe za a yi, a inuwa mai haske, ba iska. Kashe hana girgiza, cire duk wani tacen gilashi (filta) da aka ɗaura a gaba, sa jinkirin daƙiƙa 10, in akwai shota ta lantarki a yi da ita. Ɗauki hoto a 400, 500 da 600, kowanne da ƙofar haske a buɗe gaba ɗaya, sannan f/8, sannan f/11. Kowane mataki hoto biyar, kana ɓata saitin da hannu tsakaninsu don kyamara ta sake nema. Mafi kyawu cikin biyar ɗin shi ne ƙarfin gilashin. Yawan waɗanda suka yi kusa da shi kuwa shi ne amincin saitinsa, kuma a daji wannan na biyun ya fi muhimmanci.

Abin da za ka gani a mafi yawan zum shi ne 600 a buɗe ya ɗan gaza 400, f/8 ta gyara shi, f/11 ba ta ƙara komai, bayan nan ma kaifi raguwa yake saboda haske yana watsuwa a ƙaramar ƙofa. Wannan ba aibu ba ne, halin zum ne. Aibu na gaske shi ne gilasan ciki su kauce daga layi ɗaya. Ana gane shi haka: saita kan wani abu mai nisa, kamar eriya a kan rufi, mayar da saiti na hannu kada ya motsa, sannan ka ɗauki abin a kowace kusurwa huɗu ta hoton. Kusurwoyi sukan ɗan gaza tsakiya, amma su yi daidai da juna. In ɗaya ta lalace fiye da sauran uku a fili, lens ɗin na mayarwa ne tun lokacin canji bai wuce ba. Gwada kuma abu mai duhu a gaban sama mai haske, ka duba ko gefensa ya yi shunayya ko kore, kuma ko baƙin ya koma toka-toka.

Kar ka yi mamaki idan 600 ɗinka bai cika 600 ba a kusa. Lambar da aka rubuta a nesa mai nisa aka auna ta, kuma zum da yawa suna gajarcewa idan aka saita a mita 3 ko 4.

Wajen zaɓi tsakanin waɗanda ke kasuwa, kaifinsu a tsakiya ya yi kusa da juna fiye da yadda gardamar masu su take nunawa. Bambancin da hannu ke ji shi ne nauyi da yadda zum yake aiki. Sigma 150-600 Contemporary yana kusan kilo 1.9, Tamron 150-600 G2 kusan kilo 2, Nikon 200-500 kilo 2.3 amma yana riƙe f/5.6 daga farko har ƙarshe. Duk ukun suna miƙewa idan aka yi zum, nauyi ya koma gaba, su riƙa zuƙar iska da ƙura, kuma idan aka rataya su baki ƙasa sukan zame da kansu sai an kulle. Sony 200-600 na 2019 da Nikon Z 180-600 na 2023 a ciki suke zum, tsawonsu ba ya canzawa, ɗan murɗi kaɗan ya kai ka ƙarshe, sai dai ba sa gajarcewa a jaka. Na Sony ɗin ya riga ya koma f/6.3 tun daga wajen 300. Canon RF 100-500 ya fi su rashin nauyi, kusan kilo ɗaya da rabi, yana kuma saita abu a kusan mita ɗaya, abin da ke da daɗi ga ƙadangaru da malam-buɗe-littafi, amma f/7.1 ne a ƙarshe. Ga wanda zai yini yana tafiya, rabin kilo ba ƙaramin abu ba ne: hannu da ya gaji rawa yake, hoton yamma ya lalace.

Zoben ƙara tsawo, wanda ake sawa tsakanin lens da kyamara, ba na ba da shawararsa a kan waɗannan lens sai da rana tsaka mai haske da dabba a kusa. Na 1.4 yana cin rabin haske, f/6.3 ta koma f/9, na 2 kuma ya kai ta f/13, saiti ya yi nauyi, tsofaffin kyamarori masu madubi ma su kasa kamawa. A Canon 100-500 ba ya shiga sai zum ya kai 300. Kuma ana jawo shi ne daidai lokacin da dabba ta yi nisa, wato lokacin da iska ta riga ta cinye abin da ake son ƙarawa.

Riƙo yana da nasa tsari. Hannun hagu can gaba ƙarƙashin lens kusa da hularsa, wato mazurarin da ake sawa a bakinsa, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, gira ta danne idon kyamara, a saki numfashi rabi sannan a latsa a hankali, hoto uku zuwa biyar a jere, na tsakiya yakan fi. A kan maƙalli, ƙafar lens ake ɗaurewa ba gindin kyamara ba, in ba haka ba nauyin zai wahalar da bakin da suka haɗu. A mota, ƙaramin buhu mai cike da ƙwayoyin hatsi a kan taga ya fi komai, kuma a kashe inji kafin a ɗauka. Fara da zum a baya ka samo tsuntsun, sannan ka ja shi kusa, domin neman ƙaramin abu a sama kai tsaye a 600 ɓata lokaci ne. Hula ta zauna a gaba kullum, ita ce ke tare hasken gefe da karo da reshe. Tacen gilashi mai araha a bakin milimita 95 kuwa yana iya mayar da lens mai kyau abin tausayi, har ya sa bayan hoto ya yi layi-layi.

Bayan an dawo, a goge jikin da ke miƙewa kafin a mayar da shi ciki, kada ya ja ƙura ko raɓa. A hure gilashin gaba da abin hura iska kafin ƙyalle ya taɓa shi. Kada a bar lens cikin jaka a rufe a wuri mai laima, fumfuna tana tsirowa a ciki ta ci rufin gilashi. Akwati mai rufewa ruf da ƙullin silika, laima tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, ya wadatar, a riƙa busar da silikar idan launinta ya canza.