Na bar shagon, ga abin da aikin gidan Alhaji ya koya mini

Ƙarshen watan jiya na miƙa mabuɗin durowa da jakar kayan aiki, na yi sallama da shagon. Wasunku sun kira ni suna tambaya ko faɗa muka yi da Oga. Ba mu yi faɗa ba. Na gaishe shi, ya ce Allah ya ba da sa'a, na fita. Amma tunda yaran da aka ɗauka bayanmu za su ci gaba da shiga gidajen mutane a Samaru da Tudun Wada da GRA a nan Gusau suna haɗa musu sauti, na ga ya kamata in rubuta abin da na sani. Mafi yawansa a gida ɗaya na koye shi, kuma duk wanda yake shagon a 2021 ya san gidan da nake nufi.

Alhaji tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya daɗe da yin ritaya. Tun yana saurayi yake tara kaset: kiɗan kotso da na taushi na makaɗan fada, waƙoƙin noma, na 'yan dambe, ga tafsiri da ƙira'a na azumi daban-daban. Wasu ma shi ya ɗauka da rikodarsa a wajen sallar sarakuna da bukukuwa a Maradun da Ƙauran Namoda da Talata Mafara, ba za ka same su a hannun kowa ba. Jikansa ya zauna ya juye su duka cikin kwamfuta, ya tara a faifan ajiya guda. Buƙatar Alhaji ba ta da yawa. Yana da tsohuwar amfilifaya 'yar Japan a falonsa, mai nauyi, da sifikun katako biyu. Yana so ya zauna inda yake, ya taɓa waya, waƙar da yake so ta fito daga sifikun nan, ba tare da an ja kebul daga ɗakin jikan an ratsa tsakar gida ba.

Da na je na duba, na ga aikin rabin yini ne. Abu uku ake buƙata: inda waƙoƙin za su zauna, hanyar da za su bi, da abin da zai karɓe su ya miƙa wa amfilifaya. Faifan ajiya a soka shi a bayan rauta mai ramin USB. Rautar ta watsa Wi-Fi cikin gida. A sa ɗan akwatin karɓa kusa da amfilifaya, a haɗa shi da ramukan nan biyu, ja da fari, da aka rubuta wa AUX. Wayar Alhaji rimot ce kawai, waƙar ba ta bi ta cikinta. Tsarin DLNA da ke sa waɗannan na'urori su gane juna tun 2003 aka faro shi, ba sabon abu ba ne. Abin da yawancin mutane ba su sani ba, har da wasu masu gyara, shi ne rauta ba ta buƙatar layi ko data kafin ta haɗa na'urorin da ke cikin gida ɗaya. Kuma sauti ba kaya ne mai nauyi ba: mai ingancin faifan CD ma kilobit 1,411 yake ci a daƙiƙa, tsohuwar rautar da aka rubuta wa megabit 54 ta ɗauke shi ba tare da ta ji a jikinta ba, balle MP3 da aka juyo daga kaset.

Na kawo wa Oga lissafi. Ya duba, ya ture takardar gefe. Akwai wasu sifiku marasa kebul da aka kawo daga kasuwar Alaba ta Legas suka kwana biyu a sito ba a saye su ba, su yake so su fita. Tsarinsa shi ne a ɗora dukan waƙoƙin Alhaji a ma'ajiyar intanet, a sayar masa da sifikun, a sa masa rauta mai layi, duk wata ya riƙa sayen data ta hannun shago. Ya ce wa Alhaji ko Makka ya je zai ji waƙoƙinsa. Har amfilifayar ya so ya karɓa a rage masa kuɗi, Alhaji ya ce a'a, da ita aka yi bikin 'ya'yansa duka, sai dai a kai ta sito.

A cikin mota muna dawowa na ce, “Oga, mutumin nan fa ba ya fita ko'ina. Waƙar tana cikin gidansa. Wannan kamar mutum ya kwashe hatsin rumbunsa ne ya kai ajiya wani gari, kullum sai ya biya kuɗin mota kafin a tuƙa masa tuwo. Ranar da sabis ya ɗauke fa?” Bai ko juyo ba. Ya ce, “Kai aka ɗauka ka koya min kasuwa?” Shago nasa ne, na yi aikin yadda ya ce.

A farkon watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Kun san yadda garin ya koma. Babu kira, babu tes, babu tura kuɗi, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka, mutane na shiga mota su bar jihar don kawai su kira 'yan'uwa. A irin wannan zaman ne dattijo ya fi buƙatar abin da zai ɗebe masa kewa, kuma a lokacin ne sifikun Oga suka yi tsit. Manhajar na buɗewa sai ta nemi ya shiga asusunsa, ta yi ta juyawa.

Da yake babu halin kira, da ƙafarsa ya zo shagon, direba na riƙe masa da sanda. Shago cike da mutane masu neman cajin fitila da batirin sola. Ya ce, “Wai mi kuka yi ma waƙoƙina?” Oga ya taso da sauri ya ba shi kujera, sannan ya nuna ni da hannu. “Ranka shi daɗe, yaron ga ya yi aikin. Sai da na ce mashi ya yi shi yadda zai yi ko babu sabis, bai ji ba. Yaran yanzu sai haƙuri.”

Na sha jin zagi a wajen aiki, ban taɓa riƙe shi ba. Wannan daban ne. Maganar da na faɗa masa a mota ita ya ɗauka ya sa a bakinsa, ya ɗora mini tasa. Alhaji ya dube ni, duban da babba ke yi wa yaron da ya amince wa. Ban ce komai ba, don a gaban baƙo ba a ƙaryata maigida, haka aka rene mu. Ƙarshen watan aka cire rabin albashina, wai kuɗin ɓata wa shago suna, a watan da kwanon gero ya tashi, ga mahaifiyata a ƙauye ba ni da hanyar jin halin da take ciki. Mutum biyu a shagon sun san gaskiyar maganar. Ba na ganin laifinsu da suka yi shiru, su ma albashin suke ci.

Washegarin zuwan Alhaji shago, bayan la'asar, na tafi gidansa da kaina, ba da sunan shago ba. Na ɗauki wata tsohuwar rauta daga kwalin kayan da aka jingine, mai ramin USB, da wata tsohuwar wayata ta Android mai fasasshen gilashi, da kebul ɗin nan mai kai ɗaya a gefe guda, ja da fari a ɗaya gefen. Allah ya taimaka jikan bai goge faifan ajiyar ba. Muka fito da amfilifaya daga sito, ƙura ta rufe ta, har gizo-gizo ya yi saƙa a ramukan iskarta. Na goge ta da burushin fenti. Manhajar da za ta mai da tsohuwar wayar ɗan akwatin karɓa tana cikin wayata ta hannu, na tura ta da Xender, shi ma ba ya neman data. Na tura wa Alhaji tasa. Na soka faifan a rauta, na kunna sashen watsa waƙa a saitinta, na jona tsohuwar wayar a caja na kwantar da ita a kan amfilifaya.

Da na danna maɓalli, amfilifayar ta yi ɗan tari, fitilar alluran nan biyu ta kama. Na miƙa wa Alhaji wayarsa na ce, “Baba, taɓa nan.” Sai da shuuu ɗin kaset ya fara fitowa, da muryoyin mutane can nesa, da kukan doki, kafin kotso ya shigo. Ya ɗaga yatsa kada kowa ya yi magana. Can ya faɗi garin da ya ɗauki waƙar da sarkin da aka yi wa ita, ya ce mai tarin da ake ji a farko abokinsa ne, ya rasu tuntuni. Ya sa aka kawo mini fura. Bai tambaye ni batun shago ba, ni ma ban tayar ba, amma da zan tafi ya ce, “Na gane, ɗana. Allah shi yi ma albarka.”

Kafin a maido da sabis a Gusau ranar 1 ga Oktoba, abokan Alhaji da ke zuwa hira falonsa sun fara aiko wa shago su ma a yi musu. Oga ya sa wa abin suna, tsarinmu na babu sabis, ya yanka masa farashi. Ni ya riƙa turawa. Rabin albashin bai dawo ba har ranar da na fita, kuma bai taɓa ɗaga maganar ba ko da wasa.

Daga gidajen nan na koyi sauran. Haɗa na'ura ba shi ne wahalar ba, gyaran sunayen waƙoƙi ne. Manhaja ba ta duba sunan da ke jikin fayil, bayanan da ke cikinsa take karantawa: mawaƙi, suna, shekara. Waƙar da ta biyo ta hannun masu tura waƙa a kasuwar waya, za ka tarar a gurbin mawaƙi sunan shagonsu ne ko na wani shafi. Wadda ta zo ta WhatsApp kuwa AUD ce da jerin lambobi. Mutum ya buɗe wayarsa ya ga ɗaruruwan waƙoƙi ƙarƙashin mawaƙin da ba a sani ba, sai ya ce aikinka bai yi ba. Ka zauna da mai gidan, ka kunna, ya faɗa maka, ka rubuta. Yana cin lokaci kuma shago ba ya lissafa shi, amma shi ne aikin. Kuma kafin komai ka raba ƙira'a da tafsiri wuri guda, kiɗa wuri guda. Idan suna cakuɗe, ranar da wani yaro ya danna maɓallin gauraya, kalangu zai biyo bayan karatun Alƙur'ani a gaban baƙi, kuma ba yaron za a zarga ba.

Batun Bluetooth, ban ce kada a sa ba. Ga ɗaki ɗaya, ga mai ƙaramin ƙarfi, ɗan abin karɓa mai arha ya wadatar. Sai dai ka faɗa wa mutum gaskiyarsa: tazararsa kamar mita 10 ce, bangon bulo na rage ta, yana sake matse sautin kafin ya tura, kuma duk abin da wayar ta furta sai ya fito a sifika. Kira ya shigo, waƙa ta tsaya. Ya buɗe saƙon murya daga cikin gida, duk falo ya ji. Wanda ya sayar wa dattijo wannan a farashin na Wi-Fi bai yi masa adalci ba, kuma kun san ana yi.

Kayan zamani da kamfani ke riƙe da linzaminsu ma a yi hattara. Kamfanin Logitech ya daina yin akwatin karɓar sautinsa, Squeezebox, a 2012. Google ya fito da nasa, Chromecast Audio, a 2015, ya daina shi a farkon 2019. Amfilifayar Alhaji ta girme su duka, tana nan tana aiki, don ba ta jiran izinin kowa, ramin AUX kawai take da shi. Kada ka raba mutum da irinta.

Gida mai sassa da yawa, ka bar Wi-Fi ɗin rauta a kan zangon 2.4 GHz, ya fi na 5 GHz ratsa bango. Ka ɗora rauta da faifan ajiya a kan inbata, yawan ɗaukewar wuta na kashe faifai. Idan sifika na gurnani, fara canza caja kafin ka zargi amfilifaya. MP3 da aka matse ba ya dawowa sabo don an mai da shi FLAC, nau'in fayil ɗin da ba ya rage ingancin sauti, cin wuri kawai zai ƙara. Kowane faifan ajiya a yi masa na biyu a ajiye a wani ɗaki. Shawarar da ka ba Oga a kan aiki kuma, ka tura masa ita a rubuce ta WhatsApp bayan ka faɗa da baki, cikin ladabi, ka bar ta a wayarka.

Duk wanda aka tura gidan Alhaji nan gaba, ya duba batirin tsohuwar wayar da ke kan amfilifaya. Kullum tana jone a caja, kuma zuwana na ƙarshe na ga bayanta ya fara ɗagowa, a canza ta kafin zafin bazara. Lambar sirrin rautar tana rubuce a takardar da na manna a ƙarƙashinta. Kwafin faifan na biyu yana hannun jikan, kada a karɓa a kawo shago.