Asabar a bayan gidan Baffa

Tun daren jiya na ƙudura cewa yau ba inda za ni sai bayan gidan Baffa. Rumbunsa na ƙasa ya tsage daga wuya har kusan gindi a daminar bana, ko dami ɗaya ba a saka masa ba, kuma Baffa ya riga ya ce kafin bazara za a rushe shi. Hatsi ya koma buhuna a ɗakin siminti, yadda gidaje da yawa suka koma yi a nan ƙauyukan Ringim. Kakanmu ne ya gina rumbun. Akwai hotunansa a wayata, amma ɗaukar hoto ƙiftawar ido ce, ni kuwa so nake in zauna a gabansa in ƙare masa kallo, in zana shi da fenti.

Kayan aikin ƙanena ne ya bar mini da ya zo hutu daga Zariya, inda yake karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello. Sandunan fentin mai ne, kaurin kowace ya ɗara babban yatsa kaɗan, wasu ma ya ci rabinsu. A jikin takardar da aka naɗe su an rubuta Sennelier, wani kamfanin Faransa da ke haɗa launuka a birnin Paris tun 1887. Garin launi ne aka kwaɓa da mai irin wanda ke daskarewa, kamar man linsid da ake tatsa daga 'ya'yan wata shuka, aka ƙara kaki daidai yadda zai tsaya a hannu. Ba buroshi, ba gwangwani, ba farantin haɗa kala. Hannun da ya saba da alli a aji bai sha wuyar riƙe su ba.

Allon kuwa tun farkon mako na shirya shi. Siririn katako ne irin na silin, na goge shi da samfefa, na shafa masa farin fentin ruwa, ya bushe na ƙara. Ba don ado ba ne. Idan ka goga fentin mai a kan takarda ko yadi tsurarsu, man zai tsotse cikin zaren, ya yi tabo kewaye da launin, shekaru na tafiya yana cinye shi har ya riƙa karyewa.

Bayan karin kumallo na zauna da reza ina feƙe kan sandunan. 'Yata ta tsuguna kusa da ni, ta ga ina ɓare wata fata mai tauri daga kan sanda mai launin ruwan ƙasa, ta ce, "Baba, ya lalace ne?" Na ce mata lafiyarsa lau. Duk sandar da aka ajiye takan yi wannan fatar, kamar yanar da kunu ke yi in ya huce, kuma ita ce ke tsare na cikin kada ya bushe. Ana ɓare ta sai ga fentin ɗanye shar, yana sheƙi, da wani ƙamshi mai nauyi da ya kama yatsuna har yamma. A nan ne suka bambanta da 'yan sandunan kalar mai da ake sayar wa ɗalibai a shagunan littattafai. Waɗancan, da kamfanin Sakura na Japan ya fito da su a 1925, man da ke cikinsu ba ya bushewa, ko bayan shekara ka taɓa zanen zai shafe ka. Wannan kuwa bushewa yake yi ƙam.

Da hantsi na shimfiɗa tabarma a inuwar ɗorawa, na jingina allon a kan turmi. Na fara da ruwan ƙasa, na ja siffar rumbun sama-sama, sannan na ɗiga kananzir a tsumma na baje launin har ya yi siriri, farin allon na leƙowa ta ƙarƙashi. Masu wannan sana'a tafentain, wani man tsinka fenti, suke sa wa, ni abin da ke hannuna ke nan. Ƙa'idar ita ce shafin farko ya zama mara kauri, mai kaurin ya biyo baya, domin in na sama ya riga na ƙasa bushewa, tsagewa zai yi.

Daga nan ne aikin ya yi daɗi. Na girma ina ganin rumbun nan, amma yau ne na lura cewa bangonsa ba launi ɗaya ba ne. Gefen da rana ke duka ja ne mai ratsin ɗorawa. Gefen inuwa ya karkata zuwa shunayya, sai da na ɗora shuɗi a kan jan na murza da babban yatsa kafin ya fito. Ƙarƙashin jinka akwai baƙaƙen layuka inda ruwan sama ya yi ta zuba. Akwai gidan zanzaro guda biyu manne da wuyansa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sawun yatsu a jikin yaɓen, layi huɗu-huɗu a lanƙwashe, inda mai yaɓen ya ja hannunsa tun ƙasar na ɗanya. Na gano cewa in na kwantar da sandar na ja ta a hankali ba tare da dannawa ba, launin kan kama tudun allon ne kawai ya bar kwarin, sai fuskar yaɓen ta fito da kanta. Tsagewar kuma da bakin ƙusa na kankare ta, har da ciyawar da aka kwaɓa ƙasar da ita, wadda ke leƙowa daga ciki. Wannan buroshi ba zai ba ni shi da sauƙi haka ba.

Ina cikin haka Baffa ya dawo daga gona da lauje a kafaɗa.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yawwa Baffa, barkanku da dawowa. Ya gonar?"

Ya tsaya a bayana ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ba dai mutum za ka sa a ciki ba?" Na ce masa a'a, rumbun ne kawai da reshen ɗorawar. Ya ce to madalla, ya jawo kututture ya zauna. Shi ya gaya mini dalilin da jinkan ya karkata yamma: hadarinmu daga gabas yake tasowa, shekara da shekaru iska na tura shi. Ya ce duhun da nake gani a gindin bangon makuba ce, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yi yaɓe da shi don kada ruwa ya ci ƙasar, kuma daga wannan ɗorawar da muke zaune a ƙarƙashinta aka samo ta. Ban taɓa jin wannan daga bakin kowa ba.

Ya ɗauki jar sandar ya sansana, ya ce ai mai ne, me zai hana a yi da man gyaɗa tunda ga shi a gida. Na yi masa bayani cewa man gyaɗa in an shafa shi haka zai zauna da maiƙonsa. Man linsid, da ake tatsa daga 'ya'yan wata shuka, shaƙar iska yake yi ya daskare ya zama fata, ba ƙafewa yake yi irin ta ruwa ba. Shi ya sa sai an ba shi kwanaki kafin a iya taɓa shi, watanni kafin ya bushe har ciki, kuma ruwan ƙasa kan riga fari bushewa. Baffa ya ce abin ya tuna masa da fentin da ake yi wa shanu alama a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Bai yi nisa da gaskiya ba, domin a ƙasashen waje ana yin irin wannan sandar musamman don alamar dabbobi da ƙarafa. Na kuma ba shi labarin Jean-Michel Basquiat, baƙar fatar Amurka da ya yi suna da sandar nan, ya rasu a 1988 yana ɗan shekara 27, aka sayar da wani zanensa a 2017 kan dala miliyan 110 da ɗoriya. Baffa ya ce, "Ikon Allah," ya mayar da sandar inda ya ɗauke ta da hannu biyu.

Rana na take tsaka sandunan suka fara laushi, kakin na sakin jiki, farar ma har ta lanƙwashe a hannuna. Na zuba su a kwano na kai gindin randa. Bayan azahar kuma iska ta taso, mata na shiƙa a maƙwabta, ƙaiƙayi ya yi ta sauka a kan ɗanyen fentin. Na ruga da allon zaure, na zauna da allura ina tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Duk mai son yin wannan aiki a ƙasarmu, da safe zai yi shi, kuma ya tanadi inda zai ɓoye shi daga ƙurar hunturu.

Da la'asar na wanke hannu da man gyaɗa sannan da sabulu. Tsummokaran na tsoma su a bokitin ruwa, don tsumman da ya sha man linsid in aka dunƙule shi yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa, ga shi gida cike da kara a wannan kaka. Sandunan kuma na kulle su a akwati, saboda wasu jajaye da rawaya ana haɗa su da sinadarin kadmiyom, ba abin da yaro zai kai baki ba ne.

Abin da ke damuna shi ne tsada. A ajina akwai yaran da hannunsu ya fi nawa, amma fensir kaɗai suka sani, launi sai dai su gani a littafi. Alhali mu ba baƙin launi ba ne, masu zayyanar allo suna haɗa tawadarsu da ƙaro, marina suna da babansu. Jar ƙasa tana nan a bakin kududdufi, gawayi yana murhu, masu ɗiban zuma suna da kaki. Man linsid ne kawai sai an nemo daga masu sayar da fenti a Kano. In na daka ƙasar na tace ta da ƙyalle mai laushi, na narka kakin na kwaɓa, na ɗura a takardar da aka naɗe, ina ganin za a samu abin da yaro zai riƙe ya ja layi. Bayan isha'i na tura wa ƙanena saƙo ya tambayo mini malamansu awon kaki da na mai, ya ce zai kira ni ranar Litinin in sun fito daga lacca.