Tambayoyin da Ba a Yi wa 'Yan Takara a Dandalin Eagle Ba

A ranar 27 ga Fabrairun 2024 jam'iyyar Democrat ta gudanar da zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa a jihar Michigan ta Amurka, kuma babu wanda ya yi shakkar cewa Joe Biden ne zai lashe, tunda shi ke kan mulki. Abin da ya ja hankali shi ne mutum sama da 100,000 sun fito sun zaɓi gurbin da ke nuna ba su goyon bayan kowa, don su bayyana fushinsu kan yadda gwamnatinsa take mara wa Isra'ila baya a yaƙin Gaza. Da yawansu Larabawa ne da Musulmin birnin Dearborn, sai kuma matasan garuruwan da ke da manyan jami'o'i.

Ba a cika wata biyu ba rikicin ya koma harabar makarantu. A ranar 17 ga Afrilu ɗaliban Jami'ar Columbia da ke New York suka kafa tantuna suna neman jami'ar ta janye jarinta daga kamfanonin da ke hulɗa da Isra'ila, washegari 'yan sanda suka kama fiye da 100, daga nan zanga-zangar ta bazu zuwa wasu jami'o'in. Shugabar Columbia, Minouche Shafik, ta ajiye aiki a watan Agusta.

Ba na cikin masu ɗaukar Amurka a matsayin madubi. Wannan fushi bai sauya manufar gwamnati ba, kuma a babban taron jam'iyyar da aka yi a Chicago an hana Bafalasɗine ko ɗaya hawa mumbari. Kamala Harris ma ta samu tikiti ne ba tare da ta fafata a zaɓen fidda gwani ba, bayan Biden ya janye a ranar 21 ga Yuli. Amma duk da haka akwai akwatin da aka ƙirga fushin mutane a cikinsa, aka fitar da adadi, jam'iyya ta gani da idonta, ta yi biris, sannan a watan Nuwamba Donald Trump ya cinye Michigan, har da Dearborn ɗin kanta.

To, mu a nan ina namu akwatin yake? A watan Yunin 2022 jam'iyyar APC ta tara daliget a Dandalin Eagle da ke Abuja, mutum uku daga kowace ƙaramar hukuma, wato jihar Katsina mai ƙananan hukumomi 34 da miliyoyin jama'a ta tura mutum 102. Bola Tinubu ya samu ƙuri'a 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. A ƙarshen watan Mayu PDP ta riga ta yi nata, inda Atiku Abubakar ya samu 371, Nyesom Wike 237, bayan Aminu Tambuwal ya janye wa Atiku a gaban taro. Fom ɗin takara naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP, kuma jaridu sun yi ta ruwaito labarin dalolin da aka raba a ɗakunan otal. Duk wanda ya taɓa zama kusa da daliget a irin wannan mako ya san maganar da ake yi ba ta wuce "ina mai girma gwamna ya ce a yi" da "nawa aka bayar".

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin da aka yi wannan biki. Malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki a ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba su janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Yaranmu na Dutsin-Ma da Zariya da Kano suna zaune a gida, wasu sun koma tuƙa Keke Napep, wasu sun kafa teburin POS a Ƙofar Ƙaura suna jiran mai cire dubu biyu, alhali ƙaramin ministan ilimi na lokacin, Chukwuemeka Nwajiuba, yana cikin masu riƙe da fom ɗin miliyan 100. Ɗalibai sun yi zanga-zanga, har sun tare hanyar filin jirgin saman Legas a watan Satumba, amma a lokacin an riga an raba tikiti, kuma ko da ba a raba ba, ɗalibi ba shi da ƙuri'a a zauren da daliget suke yanke hukunci.

Batun hulɗa da ƙasashen waje kuwa, wanda ɗan siyasar Abuja yake ganin na jakadu ne, a wurinmu batun tukunya ne. Daga Katsina zuwa Maraɗi ya fi kusa a kan zuwa Kaduna, kuma da wuya ka samu gida a Jibiya ko Mai'aduwa da ba shi da ɗan'uwa ko suruki a tsallaken iyaka. Da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum a ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ƙarƙashin Tinubu ta ba su wa'adin mako ɗaya tare da barazanar amfani da ƙarfi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wa Nijar wutar lantarki. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a Magamar Jibiya da Kongolam, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu, 'yan dako da masu sayar da abinci a bakin iyaka suka rasa na cefane. Sai a Maris na 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗe ɓangarenta, kuma a Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. Kafin wannan ma, gwamnatin Buhari, ɗan Daura, ta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Sau biyu ke nan aka yanke shawarar da ta taɓa cinikin jihar nan kai tsaye, kuma a duka biyun shugaban da ya yanke ta ya samu tikiti ba tare da ya sha tambayar jama'ar kan iyaka ba.

Wasu abokaina suna cewa maganin shi ne a koma ƙato-bayan-ƙato. Ina da ja a nan, domin a 2018 APC ta yi irin wannan zaɓen, ta sanar cewa Buhari, wanda shi kaɗai ne ɗan takara, ya samu ƙuri'a kusan miliyan 15, adadin da ya yi kusa da abin da ya samu daga ƙasa baki ɗaya a 2019. Matuƙar rajistar 'yan jam'iyya tana aljihun gwamna, sauya tsarin ba zai hana a rubuta sakamako a gidan gwamnati ba.

Abin da ke hannunmu ƙarami ne, amma yana nan. Duk inda aka yi amfani da daliget, ba baƙi ba ne, an san gidajensu da masallatan da suke salla. Ƙungiyoyin ɗaliban jihar da 'yan kasuwar kan iyaka suna iya zama da su tun kafin su hau mota zuwa Abuja, su nemi a bainar jama'a a gaya musu abin da gwaninsu ya ce game da yarjejeniyar gwamnati da malaman jami'a, da kuma abin da zai yi da layin dogon Kano zuwa Maraɗi yanzu da Nijar ta bar ECOWAS.