Inda na kai da koyon suyar bilini kafin Maslenitsa

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Bilinina ya fara kama hanya alhamdulillahi, yanzu ina iya ɗago shi daga kasko bai yage ba, kuma ya fara fito da ƙananan hudojin nan da matan Rasha ke alfahari da su. Wanda bai san shi ba ya ƙaddara sinasir ne amma na fulawa, kuma siriri sosai har ana iya naɗe shi ko a ninka gida huɗu.

Dalilin da ya sa na dage shi ne Maslenitsa, satin ƙarshe kafin babban azumin Kiristocin Otodoks, wanda ke kai su har Ista. Ranar ba a tsaye take ba, tana bin Ista ne, ta 2026 daga 16 zuwa 22 ga Fabrairu take. A satin nan masu bin ƙa'idar coci sun riga sun ajiye nama amma madara, bota, ƙwai da kifi duk an yarda, shi ya sa kowane gida sai soya bilini ake ana labta masa bota kafin azumi ya shigo ranar Litinin.

To ga awon da ya zauna min yanzu: kefir kofi 2, ƙwai 2, fulawa kofi 2, suga babban cokali 1, gishiri kaɗan, man gyada babban cokali 2, sai tafasasshen ruwa kofi 1 da aka zuba wa bekin soda rabin ƙaramin cokali. Kefir nono ne mai ɗan tsami da ake sha a nan, ku da ke gida ku samu kindirmo ku tsinka shi da ruwa. Ana fara kwaɓa komai da kauri har gudaji su mutu, sannan a tsiyaya ruwan zafin a hankali hannu ɗaya na zubawa ɗaya na juyawa ba tsayawa, don in ka tsaya ƙwan zai dahu a ciki. Nan take za ka ga kumfa ta taso, kumfar nan ita ce hudojin. A bar shi ya huta kamar minti 20.

Amma fa gaskiya rabin aikin a kasko yake. Sai ya yi zafi sosai, in bai yi ba ƙullun kwanciya kawai zai yi ya manne, ko huda ɗaya ba za ka gani ba. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta nuna min dabarar shafa mai, a raba dankalin turawa biyu a soke shi da cokali mai yatsu a tsoma a mai a goge kaskon da shi, mai kaɗan ne ke kamawa kuma ko'ina ya samu. Sai ka ɗaga kaskon sama da hannun hagu, ka zuba ludayi ɗaya a tsakiya kana murza wuyan hannu ƙullun ya zagaye kafin ya kama. Da bakinsa ya bushe ya fara ɗagowa da kansa sai a juya. Kaskon ƙarfe mai nauyi ya fi nonstik ba da launi, a ganina ma ba a haɗa su.

Abin da ya fi shiga raina a bikin nan shi ne kowace rana da wanda ake soya wa. Laraba suruka ce ke gayyatar mijin 'yarta ya zo ya ci, Juma'a shi kuma ya rama gayya, Asabar amarya ta tara 'yan uwan mijinta mata. Tsohuwar ta ce a da na farkon da aka soya ba a cin sa, sadaka ake bayarwa don tunawa da mamata. Ranar Lahadi kuwa mutane na neman gafarar juna, wanda aka roƙa ya ce Allah ya yafe nima na yafe, wallahi ranar da na fara jin wannan sai da jikina ya yi sanyi. A ranar ne kuma ake fita fili cikin dusar ƙanƙara a cinna wa mutum-mutumin ciyawa wuta, wanda aka sa wa kayan mata, alamar an sallami hunturu.

Wajen ci, ana jera su ɗaya kan ɗaya ana shafa bota tsakani don kar su bushe. Su suna ci da smetana, wato kirim mai tsami, ko zuma ko jam ko kifi mai gishiri, masu hali har da ƙwan kifi. Ni dai zuma ta gama min komai.

Abin da ya rage min shi ne na yis da garin girechka, wata ƙwaya mai kama da hatsi da ake kira buckwheat da Turanci, irin na mutanen da, wanda ya fi kauri da duhu. Garin ba shi da danƙo don haka da fulawa zan haɗa shi, kuma ƙullun na buƙatar awanni kafin ya tashi. Wanda ya gwada da kindirmo don Allah ya faɗa min ruwa nawa ya ƙara, da ko hudojin sun fito masa.