Sai gobe da saurin fushi: abin da nake gani a rumfar gyaran inji

Sana'ata gyaran injin ban ruwa ce. Rumfata tana bakin hanya a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Garun Malam, ba nisa da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke biyo kanal yana shayar da gonakinmu da na Kura da na Bunkure. Tun 1974 aka gama wannan madatsa, don haka yawancinmu a cikin noman rani muka buɗe ido. Wanda gonarsa ke kusa da kanal ya huta, wanda tasa ke kan tudu ko can nesa kuwa sai da inji da tiyo. Su ne mutanena. Daga Nuwamba zuwa Maris ba na samun sukuni, kuma a waɗannan watanni ne nake ganin halin mutane fiye da kowane lokaci.

Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, mutumin da ya zo mini a fusace, kusan kullum aikin da ya ɗage ne ya cim masa. Zai zo da hantsi a kan babur, an ɗaure injin da roba a baya, ko sallama bai gama ba sai ka ji: "Malam, yau nake so, tumatirina na cikin fure!" In na kwance mashigar baƙin mai sai in ga abin da ya rage a ciki ya yi kauri, ya yi baƙi ƙirin. In na buɗe soson iska sai in tarar ƙurar hunturu ta toshe shi. A bayansa kuma ga yaronsa a tsaye, ido ya yi ja, ana gani an san ya sha faɗa tun daga gona, wataƙila har da mari. Alhali yaron bai yi wa injin komai ba. Injin ya jima yana ba da sanarwa: yana wuyar tashi da safe, yana fitar da hayaƙi, ƙararsa ta sauya. Mai shi ya ji, ya ce bari a gama wannan ban ruwan tukuna.

Takardar da ke zuwa da yawancin ƙananan injunan fetur ɗin nan tana cewa a canza baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk bayan awa 100. Man da ke shiga ƙananan cikinsu bai kai lita ɗaya ba. Wanke soson iska ba ya cin ko sisi. Amma in aka bari fistin da zobe suka cinye, kuɗin gyara ya ninka, ga yini guda ko biyu babu ruwa a gona. Tumatir kuwa ba ya son a yi masa wasa da ruwa: in ya sha ƙishi yana fure sai furen ya zube, in kuma ya bushe aka zo aka malala masa ruwa a lokaci guda sai 'ya'yan su tsage. Mai gonar ya san duk wannan, shi ya sa zuciyarsa ke tafasa. Da kansa yake fushi, amma mutum ba ya iya marin kansa, sai ya nemi wanda bai kai shi ƙarfi ba ya huce a kai: yaro, ko ɗan ƙwadago, ko matar gida.

Ba na yarda in an ce lalaci ne. Waɗannan mutane tun asuba suke cikin laka har faɗuwar rana, malalaci ba ya noman rani. Abin da nake gani shi ne mutum yana gudun aikin da ke da ɗaci a ransa. Wani tsoron kashe kuɗi ne, kuma ba zan ga laifinsa ba, domin tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ke lissafin kowace lita, har wasu suka mai da injunansu masu amfani da gas ɗin girki. Wani tsoron abin da za a gaya masa yake yi in an buɗe injin. Wani kuma aikin ne ya yi masa girma a ido, bai san ta ina zai kama ba. To sai ya ruga ga aikin da ya saba, ya yini yana wahala, ya kwanta a gajiye, abin da ya kamata ya yi yana nan.

Dabara ta farko da na koya daga maigidana da ya koya mini sana'a ita ce kada in ce "gobe" ko "an jima". Waɗannan kalmomi ba su da baki, ba wanda zai kama ka da su. Shi in zai sa aiki sai ya ɗaura shi a kan salla: "Bayan Azahar za ka kwance kafiretan can." Muna da salloli biyar da suka riga suka yanka mana yini, ba sai mutum ya sayi agogo ba. Da an sallame, ka san abin da ke jiranka. Na gwada wannan a kan yarana na rumfa, na kuma gwada a kan al'amuran gida, irin su kai yaro rigakafi ko gyaran indararo kafin damina, kuma yana aiki fiye da duk wata nasiha.

Sannan aikin da ba na so, shi nake fara yi. Akwai injin da in ka gan shi ka san zai ci maka rai, ƙusoshinsa sun yi tsatsa, wani ya riga ya jagwalgwala shi. Irin wannan tun da yamma nake ɗora shi a kan benci, in jera sifanun da zan buƙata a gefensa, in zuba wa ƙusoshin ɗan mai su kwana suna sha. Da safe ba na ce wa kaina zan gama shi, cewa nake bari in kwance ƙusa ɗaya. Da hannu ya yi baƙi, sauran aikin yakan bi da kansa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhr al-Gamidi, ɗan kasuwa ne da ke tura hajarsa da sassafe, ya kuwa yi arziki. Ni dai na shaida cewa abin da na yi tsakanin asuba da ƙarfe goma ya fi abin da nake yi a sauran yinin auki. Waya kuwa a wannan lokaci tana cikin aljihun rigar da na rataye. In na ce bari in duba WhatsApp sau ɗaya, sai rana ta take ban sani ba.

Dole in faɗi wata gaskiya game da mu masu sana'ar hannu, makanikai da teloli da kafintoci. "Dawo gobe" ta zama mana kamar gaisuwa. Mutum ya san aikin ba zai yiwu gobe ba, amma yana jin nauyin cewa a'a, ko yana tsoron ciniki ya tafi wani wuri. Wannan jinkiri ne da ƙarya a cikinsa, kuma rabin rigimar da ake yi a bakin rumfuna daga nan take tasowa. A jikin ƙofar rumfata akwai allo, duk injin da ya shigo ina rubuta ranar da zai fita, a gaban mai shi. In layi ya yi tsawo ina gaya masa: "Alhaji, sai jibi bayan La'asar. In ba za ka iya jira ba, ga wane can, shi ma ya iya aiki." Wasu kan tafi. Amma wanda ya tsaya ba ya dawowa da faɗa. Haka nan bashi. Hadisi ya tabbata cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Mutum ya kai tumatir kasuwar Kwanar Gafan ya sayar, kuɗi na aljihunsa, amma ya riƙa cewa mai taki ko ɗan ƙwadago sai wani mako. Ranar da mai haƙƙi ya ɗaga murya, sai a ce ba shi da ladabi.

To amma ko mutum ya tsara aikinsa yadda ya tsara, fushi zai zo. Yaro zai tayar da inji bai cika famfon da ruwa ba, sil, wato abin da ke hana famfon yoyo, ya ƙone. Maƙwabcin gona zai datse maka ruwa cikin dare ya karkata shi gonarsa. Ba laifi ba ne ran mutum ya ɓaci, abin da ya biyo baya shi ne abin dubawa. A nan ne nake ganin mun juya al'amura: gyaran inji da biyan bashi da ya kamata a gaggauta muna jan ƙafa, magana cikin fushi da ya kamata a jinkirta kuma muna yin ta nan take.

Na ajiye benci da randa a rumfata da gangan. Duk wanda ya zo yana huci, kafin in taɓa injinsa sai na ce: "Zauna tukuna, Baba, ga ruwa." Ba dabarata ba ce, koyarwar Annabi ce cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, ya yi shiru, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan. Abin mamaki shi ne yadda kake ganin aikinta da idonka. Mutum ya shigo jijiyar wuyansa a miƙe, numfashi sama-sama, hannu na rawa. Ya zauna, ya kwankwaɗi moɗa guda, ya sauke ajiyar zuciya, sai muryarsa ta dawo irin ta mutane. Fushi a jiki yake fara sauka, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, kuma jikin yana buƙatar ɗan lokaci kafin ya lafa. Duk hukuncin da aka yanke kafin ya lafa, ba hankali ne ya yanke shi ba. Shi ya sa ma Musulunci ya hana alƙali yin hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi. In an hana alƙali mai ilimi, ina ga ni da kai a kan yaranmu?

Saboda haka na kafa wa kaina doka game da yaran rumfa: duk ɓarnar da yaro ya yi da safe, ba na maganarta sai bayan La'asar, kuma ba a gaban masu kawo gyara ba. Lokacin na ci abinci, na yi salla, rana ta yi sanyi. Sau da yawa kafin lokacin yaron ya zo da kansa ya ce: "Maigida, ni na manta ban zuba ruwa ba." Sai in nuna masa sil ɗin da ya ƙone, in sa ya canza da hannunsa. Wanda aka koya wa haka ba ya sake mantawa. Wanda aka zaga a gaban jama'a kuwa ɓoye ɓarna yake koya, kuma wannan ya fi hatsari a sana'a.

Yunwa da zafin rana da rashin barci ma suna da hannu. Mai ban ruwan dare da ya kwana a gona, ya wuni bai sa komai a cikinsa ba sai goro, ƙiris yake jira. In ka san kana cikin wannan hali, kada ka je karɓar bashi, kada ka je sasanta rikicin iyaka, kada ka amsa saƙon murya da ya ɓata maka rai. Ci abinci, ka runtsa, maganar ba za ta gudu ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne gida. Mutum ya haɗiye fushin Alhajin da ya fi shi kuɗi, ya haɗiye na dillali a kasuwa, ya ɗauko duka ya kawo wa matar da ta yini a bakin murhu. Tuwo ya ɗan makara, sai tsawa. Na san gidajen da kalma ɗaya ta raba, mutum ya furta saki da daddare, da safe yana zagayen malamai yana neman mafita, ga yara ƙanana. Magana zarar bunu ce. Ni in na tashi daga rumfa da ɓacin rai, ba na wucewa gida kai tsaye. Masallaci nake fara tsayawa in yi alwala, in jira Magariba a can. Mai ɗakina kuma ta san in na shigo na ce "bari in ɗan huta," to ba da ita nake ba, ta ba ni lokaci, in na sauko ni zan fara ba ta labarin abin da ya faru.

Akwai kuma wanda abinsa ya wuce dabara. In kasala ta kama mutum makonni, ba ya jin daɗin komai, barci ya gagara, ko kuwa fushinsa ya kai yana duka yana fasa kaya, to a raka shi asibiti a duba jininsa da lafiyarsa gaba ɗaya. Ƙarancin jini da ciwon suga da ciwon damuwa duk suna iya fitowa da siffar kasala. Ba abin kunya ba ne.

In kuma fushin ya riga ya kuɓuce, ka faɗi abin da bai kamata ba, to ka sani ba da haƙuri ya fi kowane aiki shan "sai gobe". Kullum ka ƙara kwana, ƙafarka na ƙara nauyi, shi ma wancan zuciyarsa na ƙara tauri. Shari'a kwana uku ta iyakance wa Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa, ta kuma ce mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama. Wannan ma a ɗaura shi a kan salla: bayan Isha'i ka taka har ƙofar gidansa, ka yi sallama, ka ce "Na yi maka ba daidai ba ɗazu, ka yafe mini," ba tare da ka ƙara da "amma kai ma" ba. In yaronka ne ko matarka ma haka za ka faɗa, da bakinka, ba wai ka sayo tsire ka ajiye ka yi shiru ba.